Tayar Motar Manomi: Ta Kwalta, Ta Taɓo, Ko Ta Tsakani?

A 'yan shekarun nan manoma da yawa ba su zaune kusa da gonakinsu. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da akawuna, da 'yan kasuwa, waɗanda gidajensu ke cikin Kano ko Zariya ko Gusau, amma gonar tana can Kadawa, ko bayan Giwa, ko wajen Tsafe. Wanda Allah ya hore wa a cikinsu ya kan sayi a-kori-kura, irin su Hilux da 'yan'uwanta. Daga Litinin zuwa Juma'a motar tana kai shi wurin aiki bisa kwalta, ran Asabar kuwa ta ɗauki taki da iri ta shiga daji.

To, ran da tayoyin motar suka suɗe sai ya tafi kasuwa, mai shago ya jera masa iri uku, ko wace da kuɗinta, ko wace da kirarin da a ke yi mata. Galibi idon mai saye ya kan faɗa kan wadda ta fi manyan haƙora, don ita ce mai kwarjini. Amma kuɗin taya 4 ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa ya kan kai kuɗin takin gona guda. Saboda haka ya kamata a yi wa maganan nan lissafi irin wanda a ke yi wa sayen shanun huɗa.

A fara auna hanya

Tun ba a je kasuwa ba, mai mota ya zauna da takarda da fensir ya ƙidaya tafiyarsa ta mako guda. A ɗauki misalin ma'aikaci wanda tsakanin gidansa da ofis kilomita 30 ne. Zuwa da komowa 60 ke nan, a kwana 5 ya yi kilomita 300, duk bisa kwalta. Ran Asabar ya nufi gona, ya yi 40 bisa kwalta, sa'an nan ya ratse ya yi 10 a hanyar ƙasa, ya komo kamar yadda ya je. Jimlar mako ta zama kilomita 400, kuma a cikinsu 20 kaɗai ne ba kwalta ba, watau kashi 5 cikin 100.

Wanda ya dubi wannan lissafi zai ce ai sai a sayi tayar kwalta a huta. Amma a tuna, cikin kilomita 20 ɗin nan ne amfanin gona ya ke. Masara tana son takinta na biyu, watau yuriya, wajen mako 5 zuwa 6 bayan shuka, lokacin nan kuwa ya kan faɗa cikin Yuli ko Agusta, sa'ad da hanyar gona ta fi lalacewa. Kadan mota ta kafe a bakin fadama da buhunan taki a bayanta, ma'aikaci ba shi da wata rana sai Asabar mai zuwa, masara kuwa ba ta jiran kowa. Ga kuɗin masu turi ko na tarakta, ga taki da ruwa zai jiƙa. Don haka tambayar ita ce: wace taya za ta fid da mota daga kashi 5 ɗin nan, ba tare da ta cuci mai ita a sauran kashi 95 ba?

Iri uku na taya

Abin da ya raba su shi ne zane, watau haƙora da tsagogin da ke bayan taya inda ta ke taka ƙasa.

Ta fari ita ce tayar kwalta, wadda a kan rubuta wa H/T a gefe. Haƙoranta ƙanana ne kusa da juna, da tsagogi dogaye da suka kewaye ta domin korar ruwa. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, tana kama birki sosai bisa kwalta ko da ana ruwa, kuma tana daɗewa. A hanyar burji da rani tana tafiya lafiya lau. Amma da ta shiga taɓo sai tsagoginta su cika, ta zama sumul kamar ƙwarya, ta yi ta juyawa wuri ɗaya.

Ta biyu ita ce tayar taɓo, mai alamar M/T. Haƙoranta manya ne, da fili mai faɗi a tsakaninsu, domin in ta juya ta watsar da lakar da ta maƙale. A cikin caɓi babu kamarta. Bisa kwalta kuwa tana gunji tun daga nesa, tana da nauyi, tana ƙara shan mai, tana saurin cinyewa, kuma da ya ke robar da ke taɓa hanya kaɗan ce, in an taka birki cikin ruwan sama mota ta kan ƙara tafiya kafin ta tsaya. Ko a yashi ma ba ta da daɗi, gama haƙoranta su kan tona rami ta binne kanta.

Ta uku ita ce ta tsakani, mai alamar A/T, wadda aka yi domin ko wace irin hanya. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya fito da sunan irinta a 1976, yanzu kuwa kusan ko wane babban kamfani yana yin tasa. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da zurfi, ba su kai na tayar taɓo ba, kafaɗunta kuma suna da ƙarfi. Tana tafiya a burji, da tsakuwa, da yashi, da taɓon da bai yi zurfi ba. Sai dai Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba ta kai ta kwalta shiru da tattalin mai ba, ba ta kuma kai ta taɓo fita daga caɓi ba.

Har wa yau, ita kanta ta tsakanin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ta karkata wajen kwalta, haƙoranta kusa da juna, da 'yan siraran tsage-tsage a bisansu masu taimakon kamun jiƙaƙƙiyar hanya. Akwai kuma wadda ta karkata wajen daji, mai wargajajjun haƙora har bisa gefe. Ma'aikacin nan na cikin misali, mai kilomita 380 na kwalta a mako, ta farkon ce tasa.

Ƙasar da gona ta ke

Bayan tsawon hanya sai a dubi irin ƙasar. Wanda gonarsa ke jigawa, kamar wajen Gumel, ko Daura, ko Damagaram, abokin gabansa yashi ne, ba taɓo ba. Maganin yashi kuwa faɗin tafin taya ne da rage iska, ba tsawon haƙora ba. Tayar tsakani mai sauƙin zane ta ishe shi.

Wanda ke bin jar hanya ta marmara, kamar yadda ta ke a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, abin da ke damunsa shi ne duwatsu masu kaifi, da gargada, da santsi in an yi ruwa. Nan ne tayar tsakani ta fi nuna amfaninta.

Wanda kuwa gonarsa ke tsakiyar fadama, ko baƙar laka irin firkin ƙasar Dikwa da Marte, kuma tilas ya shiga da damina ko wane mako, shi ne kaɗai ya ke da dalilin tunanin tayar taɓo. Ko shi ma ya kamata ya auna, ko ba zai fi masa araha ba ya kai takinsa tun cikin Mayu, kafin ruwa ya zauna, ya ajiye a ɗakin wani amintacce a ƙauyen, ko ya tsaya inda hanya ta ƙare amalanke ya ƙarasa da kaya. Akwai lakar da babu tayar da ke ratsa ta.

Wani abu kuma shi ne ƙaya da kututture. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da tushiyar karan dawa bayan girbi, da itacen da aka sare a sabon sheme, sun fi huda taya ta gefe. Hujin da ke bisa zane mai faci yana iya gyarawa, amma tsagar gefe ba ta gyaruwa gyaran da za a amince da shi a guje bisa kwalta. Saboda haka a taɓa gefen taya a ji kaurinsa kafin a biya.

Rubutun da ke gefen taya

Ko wace taya tana ɗauke da labarinta a jikinta, ga wanda ya iya karantawa. A ce an ga 265/65 R17 112S. Lambar 265 faɗin taya ne a milimita. Lambar 65 tana nufin tsayin gefe kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗi. Harafin R yana nuna ƙirar radiyal ce, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, ita ce kuwa ƙirar kusan dukan tayoyin ƙananan motoci a yau. Lambar 17 faɗin rim ne a inci.

Lambar 112 ita ce ta fi muhimmanci ga manomi, gama ita ce lambar kaya. Tana nufin taya ɗaya tana iya ɗaukar kilo 1,120 in an cika mata iska daidai. Mai 110 tana ɗaukar kilo 1,060, mai 104 kilo 900, mai 100 kuwa kilo 800 kacal. Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190. Kada a sayi taya wadda lambar kayanta ta gaza wadda masu ƙera motar suka rubuta. Ana samun wannan a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko cikin littafin mota.

Abin da irin waɗannan motoci ke ɗauka bai wuce wajen tan 1 ba, har da direba da fasinjoji. Watau buhun taki mai kilo 50 guda 20, ko buhun masara mai kilo 100 guda 10, a cire nauyin mutanen da ke ciki. Mafi yawan nauyin nan bisa tayoyin baya ya ke sauka. Wanda ya ɗora buhu 18 na masara da kaka, 'yan ƙodago kuma suka hau bisa, ya wuce ƙarfin mota da na taya gaba ɗaya, ko da wace iri ya saya.

Waɗansu tayoyi suna da LT a gaban lamba, ko C a bayanta, kamar 205 R16C. Waɗannan na ɗaukar kaya ne, jikinsu ya fi kauri. A kan ga 6PR, ko 8PR, ko 10PR, mai nuna ƙarfin jikin. Ga mai ɗaukar kaya kullum da mai shiga ƙaya suna da amfani ƙwarai. Amma suna son iska fiye da na sauran, suna da nauyi, kuma in mota ba kaya su kan jijjiga mutum a gargada har ƙugu ya amsa. Mai zuwa ofis da wofin mota kwana 5 a mako bai bukaci mai 10PR ba, mai 6 ko 8 ta wadatar.

A kan ga M+S, ko hoton dutse mai kai 3 da alamar ƙanƙara a ciki. Wannan hoto domin ƙasashen sanyi aka yi shi, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya. Kada wani ya ƙara wa manomin Funtuwa kuɗi saboda shi.

Kwaɗayin babbar taya

Samari da yawa su kan so a sa taya wadda ta fi ta asali girma, wai don mota ta ɗaga. To, ga lissafin. Tayar 265/65 R17 tsayinta milimita 776 ne, ta 265/70 R17 kuwa 803. Bambancin milimita 27 ne, amma cikin mota rabinsa kaɗai zai ɗaga, watau wajen milimita 13, bai kai kaurin ɗan yatsa ba. A madadin wannan, maleji zai riƙa nuna 100 alhali mota tana gudun 103, ƙarfin ja zai ragu a hawa da kaya, birki zai ƙara wahala, wani lokaci ma taya ta riƙa gugar jikin mota in an karya sitiyari. Girman da masu ƙera mota suka sa shi ya fi.

Kuma a sa ƙafa 4 duka iri ɗaya, girma ɗaya, balle a mota mai jan ƙafa 4, inda bambancin girma ke wahalar da giya. Safaya ita ma ta zama girmansu. In kuɗi bai kai na 4 ba, a sayi 2 a sa su a baya, a ƙarasa sauran da wuri.

Shekarun taya da ta gwanjo

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin da ke kasuwannin Nijeriya daga waje su ke zuwa, masu kyau da marasa kyau. Don haka tilas mai saye ya buɗe ido.

A nemi haruffan DOT a gefen taya, a bi su har ƙarshe, za a ga lamba 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafi da rana kuwa suna gaggauta tsufan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗin direbobi game da tayar da ta wuce shekara 4 da yi. Tayar da ta shekara 3 a shago ana sayar da ita da sunan sabuwa, mai saye ya sani an riga an ci wani abu daga kwananta.

Tayar gwanjo, wadda a ke kira ta Beljiyam, tana cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, ko da ya ke ba ta ɓace daga kasuwa ba. Waɗansu an cusa su cikin juna a jirgi har wayoyin cikinsu sun karye, ido kuwa ba ya gani. Waɗansu na lokacin sanyin Turai ne, robarsu mai laushi, ba ta jure kwaltar Afrilu sa'ad da zafi ke kai digiri 40. Araha ba ta ado. Tayar gaba da ta fashe a guje, da iyali a cikin mota, ba a lissafa ta da naira.

Kuɗin mai

Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, ko wace lita sai an ji ta a aljihu. Taya mai nauyi da manyan haƙora tana ƙara shan mai, gwargwadon girman haƙoran. A ce ƙarin lita 1 ne a ko wane kilomita 100. Ga mai kilomita 400 a mako lita 4 ke nan, a shekara lita 208. Mai mota ya buga wannan da kuɗin lita a garinsu, ya ga buhun taki nawa ya tafi domin kwarjini. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa mai zuwa ofis kullum zai guji tayar taɓo.

Kiwon taya bayan saye

Taya kamar dabba ce, kiwo ke sa ta daɗe. Abu na fari iska. A auna da geji da safe kafin mota ta yi tafiya, aƙalla sau 2 a wata, a bi abin da ke rubuce a takardar jikin ƙofa. A nan za a ga awo 2, na wofin mota da na mai kaya. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita a ke bi kullum ba. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne. Ƙarancin iska da nauyin kaya da zafin kwalta, in suka haɗu, su ne ke fasa taya. Kuma kada a sace iska daga taya mai zafi don an ga awo ya hau, in ta huce zai sauka da kansa.

A yashi mai zurfi ana iya rage iska kaɗan a tafi sannu, amma da an hau kwalta a mayar. Saboda haka famfo ya zauna cikin mota, tare da shebur, da igiya mai ƙarfi, da guntun katako na ɗora jak. A-kori-kura in ba kaya bayanta ba shi da nauyi, shi ya sa tayoyin baya ke juyawa banza a santsi. Buhu 3 ko 4 daidai bisa tayoyin baya su kan yi abin da manyan haƙora ba su yi ba.

A riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, bayan ko wane kilomita 8,000 zuwa 10,000. Tayar tsakani in ba a yi mata haka ba haƙoranta su kan ci a karkace, ta fara gunji. In an ga gefe ɗaya yana cinyewa fiye da ɗaya, a kai a daidaita ƙafafun mota. A cikin tsagogi akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6. Ran da zane ya yi daidai da su taya ta ƙare. Ga mai shiga taɓo kuwa ƙarfinta ya ragu tun kafin nan, don haka ya fi kyau a sa sababbi a gaban damina, ba a bayanta ba.

Abu na ƙarshe ya shafi gonar kanta. Sabuwar taya ta kan sa mutum ya ji zai iya shiga ko ina. Amma mota mai kaya in ta ratsa jiƙaƙƙiyar gona tana danne ƙasa, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa ratsawa, a kan ga sawun a jikin shuka har kaka. A tsaya a bakin gona, a ƙarasa da kai ko da baro.

To, wanda tafiyarsa duk kwalta ce, gonarsa kuma tana bakin titi, ya riƙe tayar kwalta. Wanda ke zaune a ƙauye yana fama da laka kullum ya nemi ta taɓo. Ma'aikacin da ke tsakanin ofis da gona kuwa ya nemi ta tsakani mai sauƙin zane, girman asali, lambar kaya wadda ba ta gaza ta jikin ƙofa ba, da kwanan wata na kusa, ya kuma kai takinsa tun hanya tana bushe. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da damina mai albarka, amin.